Labarin Zuciya, a Tambayi Na'ura?

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar fadar Dogarawa, ko a zauren wani mai gari a kwarin Majiya, ranar da ake sasanta rikicin iyakar gona, ya san inda magana take cijewa. Wannan ya ce kakansa ne ya sare dajin, wancan ya ce aro aka bai wa kakan. Dattawan da suka ga abin da idonsu sun kwanta dama, takarda kuwa babu. Tun shekarar 1993 dokar tsarin karkara ta Nijar ta tanadi hukumomin filaye da za su riƙa rubuta mallaka, amma gonaki da yawa har yau shaidarsu tana bakin mutane ne. Idan baki biyu suka saɓa, sulhu ya faskara, sai a kawo zancen rantsuwa da Alƙur'ani, in kuwa abin ya ƙi, a nufi kotu a Birnin Ƙonni.

A irin wannan hali ba abin mamaki ba ne wani ɗan boko ya yi tambaya: me zai hana a kawo na'urar gano ƙarya a huta? Ana ganinta a finafinai, hukumar EFCC ta Najeriya tana amfani da ita, kuma wayoyin hannu cike suke da manhajojin da ke iƙirarin gane maƙaryaci daga muryarsa. Tambayar ta cancanci amsa daga ɗaliban kimiyyar harshe musamman, domin ƙarya aikin harshe ce kafin ta zama komai. Amsar kuwa ita ce: babu na'urar da take auna ƙarya. Abin da waɗannan na'urori suke aunawa shi ne tashin hankali, kuma a gaban hukuma ba wanda hankalinsa zai fi tashi kamar talakan da ake yi wa tambaya cikin harshen da ba nasa ba.

Abin da na'urar take gani

Na'urar da aka fi sani, wato foligiraf, ta samo asali ne a 1921 daga hannun John Larson, wani ɗan sanda a garin Berkeley na ƙasar Amurka. Ana ɗaura wa mutum igiyoyi a ƙirji da ciki da hannu, sai ta riƙa rubuta numfashinsa da bugun zuciyarsa da hawa da saukar jininsa da zufar yatsunsa yayin da ake yi masa tambayoyi. Mai gwajin yakan gauraya tambayoyin da suka shafi laifin da wasu na kwatanci, sa'annan ya duba inda jiki ya fi motsawa. Hikimar da ke ƙarƙashin wannan ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda ya daɗe da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ba ta kuma bambanta sosai da al'adar wasu Larabawan ƙauye ta sa wanda ake tuhuma ya lashi ƙarfe mai zafi ba, bisa zaton cewa tsoro yana busar da yawun mai laifi har harshensa ya ƙone.

Matsalar ita ce ba mai kaza kaɗai as take firgitawa ba. Wanda aka taɓa yi wa ƙazafi, da wanda bai taɓa shiga ofishin jandarmomi ba, da wanda yake tunanin abin da zai sami iyalinsa idan aka tsare shi ana tsakiyar cirar albasa, duk zuciyarsu za ta buga. A ɗaya gefen kuma, gogaggen maƙaryaci yana iya zama daram. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka da ya shekara tara yana sayar wa Rasha asirin ƙasarsa, ya tsallake gwajin foligiraf sau biyu, a 1986 da 1991, kafin a kama shi a 1994.

Tun a 1923 wata kotu a Washington ta ƙi karɓar irin wannan gwaji a matsayin hujja a shari'ar James Frye, saboda masana ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Bayan shekara 80, a 2003, Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da babban rahoto a kan na'urar. Ta amince cewa a kan takamaiman laifi ɗaya na'urar ta fi canki-canki, amma tana nesa da kamala. Ta kuma kawo wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. A ƙaddara ma'aikata 10,000, cikinsu akwai maciya amana 10. Idan aka saita gwajin don ya kama 8 daga cikin goman, to mutum wajen 1,600 da ba su ji ba su gani ba za su faɗi tare da su. Wato a cikin duk mutum 200 da na'urar ta nuna, ɗaya ne kawai mai laifi. Wannan lissafi bai canza ba don an canza na'ura: duk lokacin da aka tace jama'a mai yawa don neman ƴan ƙalilan, marasa laifi ne za su cika rariyar.

Daga jiki zuwa murya da kalmomi

Sababbin na'urori sun bar igiyoyi sun koma ga abin da ya fi kusa da fagen nazarin harshe. Wasu suna sauraron murya, wasu suna kallon fuska, wasu kuma suna ƙirga kalmomi.

A 2007 wasu masana furuci biyu na ƙasar Suwidin, Anders Eriksson da Francisco Lacerda, suka wallafa nazari a kan na'urorin auna damuwa a murya, suka nuna cewa iƙirarin da ake yi musu ba shi da tushe a kimiyyar sauti. Kamfanin Nemesysco, mai sayar da ɗaya daga cikinsu, ya yi barazanar zuwa kotu, mawallafin mujallar kuma ya cire maƙalar daga intanet. Gwamnatin Birtaniya ta jarraba irin wannan fasaha a kan masu neman tallafin gwamnati ta wayar tarho, ta kuma yi watsi da ita a 2010 bayan ta ga sakamakon bai kai a dogara da shi ba. Duk da haka Tarayyar Turai ta kashe Yuro miliyan 4.5 tsakanin 2016 da 2019 a kan wani shiri mai suna iBorderCtrl, wanda aka gwada a iyakokin Hangari da Latbiya da Girka: hoton jami'i a allon kwamfuta yana yi wa matafiyi tambayoyi, kyamara tana karanta motsin fuskarsa. Wata ƴar jarida da ta shiga gwajin a 2019 ta amsa tambayoyi 16 da gaskiya, na'urar ta ce 4 daga ciki ƙarya ne.

Masu ƙirga kalmomi kuwa sun fi ba ɗalibin harshe abin tattaunawa. Wani nazari da Matthew Newman da James Pennebaker da abokan aikinsu suka fitar a 2003 ya nuna cewa masu ƙarya da Ingilishi sukan rage amfani da wakilin suna na mai magana, kamar suna nesanta kansu da abin da suke faɗa. Akwai kuma hanyar da ake kira SCAN, wadda Avinoam Sapir, tsohon mai gwajin foligiraf na ƴan sandan Isra'ila, ya ƙirƙiro, kuma aka koya wa masu bincike a ƙasashe da dama. Tana zargin bayanin da mai shi ya sauya wakilin suna a tsakiyar labari, ko ya ambaci wani na kusa da shi ba tare da ya gabatar da shi da suna ba.

A gwada su a kan mutumin Dogarawa

A ƙaddara an sace injin ban ruwa a wani lambun albasa kusa da Galmi, aka kira maƙwabcin lambun da matarsa don su ba da bayani. Dukansu gaskiya za su faɗa. Ga abin da waɗannan ma'aunai za su gani.

Mutumin zai ce: «An tashi da asuba, anka tafi garka, anka tarar babu injin.» Kansa yake nufi. Lamirin «an» a bakin Bahaushe sau da yawa alamar ladabi ne da ƙanƙan da kai, shi ya sa ake cewa an gode, an sha aiki, ana nan ana fama. Ma'aunin da aka gina a kan Ingilishi zai ɗauka gudun alhaki ne. Hasali ma ƙirgar kanta ba za ta yiwu yadda aka saba ba, domin abin da Ingilishi yake nunawa da kalma ɗaya tilo, Hausa ta rarraba shi a cikin na, ina, zan, nakan, in, ni, da ɗafin mallaka irin na «gonata». Ga kuma bambancin karin harshe: inda Bakano zai ce muka, suka, aka, mutumin Adar da Ƙonni munka, sunka, anka zai ce. Manhajar da aka horar da rubutacciyar daidaitacciyar Hausa tuntuɓe za ta yi tun a jimlar farko.

Matar kuwa za ta gama bayaninta ba ta kama sunan mijinta ba ko sau ɗaya. Za ta ce mai gida, ko malam, ko kuwa «shi» kawai. Idan zancen ya biyo ta kan ɗanta na fari, za ta ce yaron nan, ta wuce da sauri. A ƙa'idar SCAN wannan alamar ɓoye wani abu ce. A ƙa'idar gidan da ta tashi, wannan ita ce kunya, kuma rashinta ne zai sa a yi mata kallon mamaki.

Dukansu biyu za su sunkuyar da kai. Wani bincike da aka gudanar a ƙasashe 58 aka wallafa a 2006 ya gano cewa alamar da mutane suka fi yarda da ita a duniya ita ce maƙaryaci yana kau da ido. Sai dai babban nazarin da Bella DePaulo da abokan aikinta suka yi a 2003 a kan alamomi 158 ya nuna kau da ido ba shi da wata alaƙa ta a-zo-a-gani da ƙarya. A ƙasar Hausa ma abin juyewa yake yi: yaron da ya ƙura wa babba ido shi ake kira mara kunya.

Sai kuma murya. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya suke ɗauke da ma'ana. Da su ne ake bambanta baba mahaifi da baba uwa da baba na rini. Jimlar bayani tana gangarowa a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ta tambaya kuma tana ɗagawa. Bugu da ƙari, baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ da ts da ƴ ana furta su ne da motsin maƙogwaro wanda yake shafar ingancin muryar wasalin da ke kusa da su. Duk wanda ya zo da na'urar da ke fassara rawar murya a matsayin damuwa, wajibinsa ne ya nuna yadda ta raba abin da nahawu ya sa da abin da tsoro ya sa.

Wannan ba hasashe kaɗai ba ne. A 2017 Paul Taylor na Jami'ar Lancaster da abokan aikinsa suka gwada mutum 320 daga al'ummomi huɗu. Turawan Birtaniya sun rage ambaton kansu idan suna ƙarya, kamar yadda aka zata. Ƴan asalin Afirka da na kudancin Asiya kuwa ƙara ambaton kansu suka yi, suka rage ambaton wasu, tamkar danginsu suke karewa daga ƙaryar. Alama ɗaya ta nuna gabas a wata al'umma, ta nuna yamma a wata.

Inda ake haifar da saɓani

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan kusa da rayuwar yau da kullum. A maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma al'adar ofis da kotu da aka gada ita ce mutum ya yi magana da Hausa, a rubuta da Faransanci, a karanta masa, ya dangwala yatsa. Tsakanin bakinsa da takardar akwai tafinta, wani lokaci ma jami'in ne da kansa.

A wannan tazara ake haifar da saɓanin da daga baya za a kira ƙarya. Manomi ya ce ya biya dala ɗari, yana nufin sefa 500, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Ya ce jikka goma, yana nufin sefa 10,000. A yankin da ake hada-hada da naira da sefa a kasuwa ɗaya, kuskuren lissafi ɗaya ya isa ya sa bayaninsa na yau ya saɓa da na jiya. Ya ce abin ya faru bayan la'asar, aka rubuta ƙarfe huɗu, wani shaida ya ce ƙarfe biyar da rabi, alhali dukansu lokaci ɗaya suke nufi. Ya ce ɗan'uwansa ne, aka rubuta kalmar da ke nufin uwa ɗaya uba ɗaya, daga baya aka gano ɗan ƙanen mahaifinsa ne. Na'urar da za a ɗora a kan wannan tsari ba za ta gyara ko ɗaya daga ciki ba, sai dai ta sanya wa kuskuren hatimin kimiyya.

Ƙarya ma kanta ba abu ne da yake zaune a cikin jimla ba. Linda Coleman da Paul Kay sun nuna a 1981 cewa ma'anar kalmar ta tattara abubuwa uku: maganar ba daidai ba ce, mai ita ya san haka, kuma yana nufin yaudara. Mara lafiya da ya amsa gaisuwa da lafiya lau bai yi ƙarya ba, haka baƙon da ya ce ya ƙoshi, haka wanda ya miƙe zai fita ya ce ina zuwa. Amma wanda ya sayar da akuyar maƙwabcinsa jiya, aka tambaye shi ya ce yau bai gan ta ba, kowace kalma tasa gaskiya ce, kuma ya yaudari mai tambaya. Abin da ke raba waɗannan shi ne niyya da mahalli da sanin juna, kuma babu waya ko kyamarar da take kaiwa gare su.

Hujjar masu goyon baya

Masu son na'ura suna da hujja mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Ɗan Adam ma bai iya gano ƙarya ba. Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje sama da 200 a 2006, suka tarar mutane suna dacewa kashi 54 cikin ɗari ne kawai, ƙiris ya fi jefa kwabo. Karin maganar nan ta labarin zuciya a tambayi fuska tana da daɗin faɗa, amma bincike bai mara mata baya ba. Alƙali yana iya son kai, ana iya sayen shaida, na'ura kuwa ba ta da dangi. Wasu kuma za su ce ai rantsuwar ma da tsoro take aiki.

Gaskiya ne tsoro yana cikin rantsuwa, sai dai akwai bambanci babba. A fiƙihu, mai ƙara ake fara nema ya kawo shaida, ba a zuwa ga rantsuwa sai shaida ta gaza. Mai rantsuwa shi yake furta maganar da bakinsa, a gaban mutanen da zai ci gaba da zama da su, ya ɗauki nauyinta tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ba wanda ya ce an leƙa zuciyarsa. Na'ura kuwa wani ne yake karanta zane a takarda ya yanke cewa ƙarya aka yi, kuma talakan ba shi da hanyar musa abin da bai san yadda yake aiki ba. Ita ba ta da dangi, amma mai tsara tambayoyin da mai fassara sakamakon mutane ne.

Akwai gwaji ɗaya da masana suka fi mutuntawa, wanda David Lykken ya bayyana a 1959, ƴan sandan Japan kuma suke amfani da shi. Ana jera wa mutum abubuwa da dama, ɗaya ne kawai ya shafi laifin, a ga ko jikinsa zai gane shi. Wannan sani yake aunawa, kuma sharaɗinsa shi ne bayanin ya kasance asiri ga mai laifi kaɗai. A ƙauyen da kafin azahar kowa ya san launin injin da aka sace da ƙofar da aka ɓalle, sharaɗin ya rushe.

Ƙasashen da ba su da wadatattun ɗakunan gwaji su ne suka fi zama kasuwar irin waɗannan kayayyaki. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar da na'urorin gano bam na jabu, waɗanda ya kwaikwayo daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf. Iraƙi ce ta fi saye, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka sayar wa. Kwalin da ke da kyau da takardar talla mai cike da kalmomin kimiyya ba hujja ba ne.

Aikin da ke jiran masana harshe

Abin da bincike ya nuna yana taimakawa ba shi da ƙyalƙyali, kuma kusan dukkansa aikin harshe ne. A bar mutum ya ba da labarinsa da kansa, ba tare da katsewa ko cusa masa amsa ba. A nemi bayanan da za a iya bi a tabbatar: wa ya gan shi, a wace rumfa, wa ya karɓi kuɗin. A riƙe hujjar da ke hannu sai ya gama, sa'annan a gwama. A wani gwaji da Maria Hartwig da Pär Anders Granhag suka yi a Suwidin a 2006, ƴan sanda masu koyon aiki da aka horar a kan wannan dabara sun dace kashi 85 cikin ɗari, waɗanda ba a horar ba kashi 56.

Ga yankin Dogarawa da Malbaza da Illela da Ƙonni, wannan yana nufin abubuwa uku da kuɗinsu bai kai na na'ura ɗaya ba. Na farko, a riƙa naɗar bayanin wanda ake tuhuma da na shaida da muryarsu cikin harshensu, a adana tare da fassarar, domin in an yi gardama a koma ga asali. Wayar da ke aljihun kowane jami'i ta isa wannan aiki. Na biyu, a horar da tafintocin kotu a kan karin harshen yankin, da ƙirgar kuɗi, da sunayen dangantaka, da kalmomin gona irin su aro da jingina da gado, waɗanda shari'a guda take iya rataya a kan ɗayansu. Na uku, sassan kimiyyar harshe a Yamai da Sakkwato da Kano su tattara ainihin maganar mutane a zauren sulhu da kasuwa, da izininsu, su bayyana yadda Bahaushe mai gaskiya yake ba da labari, yake musu, yake sakaya zance. Ɗalibin da ke neman batun kundi yana da shi a nan, kuma batu ne da wata rana zai iya hana a ɗaure wani.

Ranar da wani kamfani zai zo da akwatinsa ya ce yana jin ƙarya a murya, ya kamata ya tarar da masu yi masa tambayoyi: a kan wane harshe aka gwada, da mutum nawa, su wa suka yi gwajin, kuma masu gaskiya nawa ta kira maƙaryata. Manomin da ke tsaye a gaban teburi da hularsa a hannu ba zai iya yin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya karanta tsarin sauti da ilimin ma'ana zai iya, kuma hakkin ya rataya a wuyansa.